Lasifikar da muka saya da masarar godiya

Masu tambayata ko lasifika mai caji, irin mai taya biyu da hannun ja, za ta ishi ƙaramar ikilisiya, amsata ita ce za ta ishe ta har da saura. Tamu ta ga damina ta ga rani, tana nan tana aiki. Sai dai akwai abubuwan da mai kanti ba zai faɗa maka ba, wasu don bai sani ba, wasu kuwa don ba su shafi ciniki ba.

Ni ne tafinta a ikilisiyarmu, a wani ƙauye na ƙasar Ikara, ni ne kuma nake karanta nassi kafin wa'azi, saboda haka bayan Baba Fasto babu wanda ya kai ni riƙe makirufon nan. Akwati ce baƙa, tsayinta ya wuce gwiwa kaɗan, bakin lasifikar inci 12, da wata 'yar ƙarama a sama mai fitar da kaifin sauti. Ta zo da makirufo biyu marasa waya, da wurin sa filash da memori, da Bluetooth, da rediyo, da batir a cikinta. Da gangan na bar sunan da ke jikinta. A kanti ɗaya na ga akwati iri ɗaya sak ɗauke da sunaye daban-daban, duk daga Sin, don haka wanda ya riƙe suna ya tafi kasuwa yana iya dawowa da wani abu dabam. Kunne za ka tafi da shi.

Majami'armu ginin ƙasa ce da aka shafe da siminti, rufin kwano, babu silin. Ranar da muka cika mukan haura mutum ɗari kaɗan. Baba Fasto ya ba saba'in baya. Shekara da shekaru yana wa'azi da ƙarfin ƙirjinsa, a majami'a, a bakin kasuwa, a bakin kabari, har muryar ta dushe. In hunturu ya shigo da ƙurarsa, kafin ya kai rabin wa'azi tari ya sarƙe shi. In damina ce ruwa ya sauko a kan kwano, sai dai a ja waƙa har ya tsagaita. Tsofaffin da ke zama ta bakin ƙofa don shan iska sukan ce amin ne saboda sun ga na gaba sun ce. Wannan ya daɗe yana ci mini rai, mutum ya tako da sanda tun daga wata unguwa ya zo jin Maganar Allah ya koma bai ji ba. Zumuntar mata ce ta fara kai maganar gaban dattawa. Bayan godiyar kaka aka sayar da buhu uku daga masarar da jama'a suka kawo, aka aike ni da shugaban matasa zuwa Sabon Garin Zariya.

Duk kantin da ka shiga, abu na farko da yaron kanti zai yi shi ne ya sa kiɗa ya murɗa ƙara har ka ji ƙirjinka na rawa. Namu ya ce, “Baba, wannan wat 5,000 ce, har ƙauyen da ke gaba da naku za a ji.” Na ce masa, “Ɗana, magana za mu yi da ita. Kashe kiɗan ka ba ni makirufo.” Muka fito da ita bakin kanti, shugaban matasa ya tafi can nesa ya juya mini baya don kada ya karanci leɓena, na karanta Zabura 23 da muryar hira, ya dawo ya maimaita mini abin da ya ji. Akwati biyu da suka fi ƙara da kiɗa sun faɗi wannan gwaji, ta ukun ce ta ci. Duk wanda zai saya wa ikilisiya ya yi haka, kada ya ji kunyar masu wucewa.

Batun wat 5,000 kuwa, na koyar da lissafi a firamare kafin in yi ritaya, ga yadda abin yake. Batirin da ke ciki bolt 12 ne, amfiya 7 na awa ɗaya. Ka ninka 12 sau 7 ka sami 84, wato ƙarfin da ke cikinsa bai wuce wat 84 na awa ɗaya ba. Da gaske akwatin tana jan wat 5,000, da minti ɗaya ya ishe ta ta shanye shi. Tun da takan kai awa huɗu ana magana, abin da take ci a zahiri yana wajen wat 20. Wannan kuma ya wadatar. Ninka wat sau biyu ba ya ƙara komai sai desibel 3 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), sai an ninka shi wajen sau goma kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ninka. Abin da ya fi wat amfani shi ne wurin da ka ajiye ta. A ƙasa, jikin mutanen layin gaba yana shanye sautin. Da kafinta ya yi mana dogon teburi muka ɗora ta sama da kawunan jama'a, sai na baya suka riƙa ji ba tare da an ƙara mata komai ba. Mai magana kuma ya tsaya a bayanta ko a gefenta, domin da zarar makirufo ya fuskanci bakinta sai ta saki wannan ƙara mai tsinka kunne.

Sautinta na magana yana da kyau, muddin ka san abin da za ka rage. Akwai maɓallin kaurin sauti, wanda masu gyara ke kira bes. Ka mayar da shi ƙasa da rabi. Baƙaƙe irin su s da sh da ts da f a kaifin sauti suke zaune, su ne kuma ke raba kalma da kalma. In kauri ya yi yawa a ƙarƙashin kwano sai ka ji murya tana gurnani amma ba ka tsinci kalma ba.

Maɓallin da na fi yin faɗa a kansa shi ne na eko, mai maimaita murya. Matasa suna sonsa, baƙin masu wa'azi da yawa ma suna sonsa, wasu kafin su ce salama sai sun ce a ƙara musu eko. Na gane dalili: yana sa muryar mutum ta cika ɗaki, mai maganar da kansa ya ji kamar an ƙara masa iko. Amma ni da ke tsaye kusa da shi ina jiran in juya maganarsa zuwa Hausa, ƙarshen kalmarsa na hawa kan farkon ta gaba, sai in kasa kama abin da ya ce. In tafinta da ke taku biyu daga bakinsa bai ji ba, ina ga tsohuwar da ke bakin ƙofa? Manzo Bulus ya riga ya yanke wannan shari'a a 1 Korantiyawa 14. Ya ce in ƙaho bai yi busa da za a gane ba, wa zai yi shirin yaƙi, ya kuma ce a cikin taron ikilisiya gara ya faɗi kalma biyar da fahimta, don ya koyar da wasu, da ya faɗi dubu goma da ba a ganewa. Batun harsuna yake yi a wurin, na sani, amma ma'aunin da ya kafa ɗaya ne: an gane ko ba a gane ba? A Nehemiya 8 ma, da Ezra ya hau dakalin katako ya karanta Attaura tun da sassafe har tsakar rana, abin da nassi ya ɗauka ya rubuta shi ne Lawiyawa sun karanta dalla-dalla suna ba da ma'ana har jama'a suka fahimta. Fahimtar ce ta sa su kuka, ita ce kuma ta sa su murna daga baya. Wannan sura ita ce gatan duk wani tafinta.

Kada a ce ina ƙin ɗaga murya. Ubangiji Yesu ya ɗaga murya da ƙarfi a bakin kabarin Li'azaru, ya kuma ɗaga a ranar ƙarshe ta idi da ya kira masu ƙishi su zo wurinsa. An umarci Ishaya ya yi kira da ƙarfi kada ya rage. Akwai lokacin da maganar da kanta take neman a ɗaga ta. Abin da nake ƙi shi ne koyarwar da ta shigo mana a hankali, cewa yawan ƙara shi ne alamar Ruhu yana aiki. A Dutsen Karmel annabawan Ba'al ɗari huɗu da hamsin ne suka yi ta ihu tun safe har rana ta karkata, ba wanda ya amsa. Addu'ar Iliya ba ta wuce aya biyu ba, wuta ta sauko. Shi ɗin kuma da ya gudu Horeb, bai sami Ubangiji a cikin iska mai farfasa duwatsu ba, ko girgizar ƙasa, ko wuta, sai a cikin wata 'yar murya marar ƙarfi. Ga kuma maganar lafiya, wadda ba ma yawan yi a majami'u. Masana kunne sun ce ƙarar desibel 85 iyakarta awa takwas a rana, kowane ƙarin desibel 3 kuma yana raba wannan lokaci biyu, har in an kai 100 minti goma sha biyar ne kawai. Su wa ke zama a tabarma dab da bakin lasifika? Yara. Kunnen da ƙara ta lalata ba ya dawowa. A wurinmu na shafa farin fenti a inda maɓallin ƙara zai tsaya, dattawa suka amince ba mai wuce shi.

Alherin da akwatin nan ta yi mana bai zo ta inda na sa rai ba. Na ɗauka masu magana za ta ƙara wa ƙarfi, ashe waɗanda ba a taɓa jin muryarsu ba za ta fito da su. Akwai wata gwauruwa da ta yi shekaru tana zama a layin baya, muryarta ba ta kai layi uku. Lokacin shaida ba ta taɓa tashi ba, mun ɗauka ba ta da abin faɗa. Da aka miƙa mata makirufo tana zaune a wurinta, ta ba da labarin yadda ta riƙe marayu huɗu da gona ɗaya, da daren da hatsi ya ƙare ta ɗora ruwa a wuta don yaran su yi barci da sa rai, da wanda Allah ya aiko da kwanon dawa da asuba. Ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Maza manya suka sunkuyar da kai, tun daga ranar kuma ba a sake barin gonarta ba a yi mata gayya ba. Yaran makarantar Lahadi yanzu suna haddace aya su faɗa iyayensu su ji. Sanarwa ta daina rikicewa, an daina zuwa taro ranar da ba ita ba ce.

Baba Fasto kuma ya daina yaƙi da maƙogwaronsa. Sai yanzu da yawa daga cikinmu muka san ainihin muryarsa, domin a da ihunsa muka sani. Yakan yi wa'azi kamar yana zaune da kai a zaure, ya dakata, ya bar magana ta sauka kafin ya ɗora wata. A ƙarshen sujada, in ya ɗaga hannu yana sa albarkar da ke Littafin Ƙidaya 6, Ubangiji ya sa muku albarka ya kiyaye ku, kowa yana jin kowace kalma har ta ƙarshe, wato salama. A jana'iza ma mun ga amfaninta. A fili sauti yana raguwa da desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka, shi ya sa a da na nesa da kabari ba sa jin komai sai kukan mata. Yanzu ana jin alkawarin tashin matattu har ƙarshen taro, har da maƙwabtanmu Musulmi da suka zo ta'aziyya.

Babban aibinta a makirufo yake. Maɓallinsa hawa uku ne, kunne, shiru, kashe, ga shi sako-sako, 'yar wutar da ke jikinsa kuma sau ɗaya take ƙiftawa ta mutu, ba za ka duba ka san ko yana kunne ba. A wani ɗaurin aure, wata 'yar'uwa daga cikin mawaƙa ta gama baitinta ta ajiye shi a cinya, ta karkata ta raɗa wa ta kusa da ita wata magana game da amarya. Ba zan maimaita ba. Majami'a duka ta ji, har da mahaifiyar amarya. Gidan nan suka ɗauke ƙafa daga sujada tun daga kaka har Ista, sai da Baba da dattawa suka yi ta sintiri, ita mai maganar kuma ta je ta durƙusa da hawaye, kafin aka shirya. An shirya ɗin, amma magana zarar bunu ce. A taron dattawa wasu suka ɗora laifin a kan makirufo. Baba ya ce, “'Ya'yana, makirufo bai yi magana ba. Abin da aka ba shi ya miƙa.” Sa'an nan ya buɗe Luka 12, inda Ubangiji ya ce abin da aka raɗa a kunne a cikin ɗaki za a yi shelarsa a kan soraye. Mun kafa doka duk wanda ya gama ya mayar da makirufo teburi, shugaban matasa ya kashe shi da hannunsa. Dokar tana tsare mu daga kunya. Abin da ke fitowa daga zuciya kuwa, wanda Yesu ya ce daga yalwarsa baki yake magana, ya fi ƙarfin dokar teburi.

Wannan abu ya sa na koma na zauna da Karin Magana 18:21, ayar da ke cewa mutuwa da rai suna hannun harshe. Ana yawan jawo ta a wa'azin talabijin da na waya, a ce duk abin da ka furta shi za ka samu, ka furta mota ka sami mota, kada marar lafiya ya ce ba shi da lafiya don kada ya tabbatar wa kansa ciwon. Na ga wannan koyarwa ta hana wata mata faɗa wa mijinta abin da take ji a jikinta har abin ya yi nisa. Ban yarda da ita ba. Allah ne ya ce bari haske ya kasance, haske ya kasance. Mu ba a ba mu wannan ba. Zabura cike take da bayin Allah masu faɗin ciwonsu a fili, Zabura 88 ma a cikin duhu ta ƙare. Bulus bai ɓoye cewa Timoti yana fama da ciwon ciki ba, har ya ba shi shawarar abin da zai sha, ya kuma rubuta cewa ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Ikon da aka ba harshenmu a kan mutane yake aiki, yana kuwa da ban tsoro yadda yake. Shaidun zur biyu ne suka sa aka jajjefe Nabot saboda gonar inabinsa. Maganar Abigel ce ta tare Dawuda a hanya da mutum ɗari huɗu masu takuba, ta ceci mazan gida guda. Mu da muka rayu a jihar Kaduna ba sai an yi mana tafsirin wannan ba, mun san abin da jita-jita ɗaya take yi wa gari kafin la'asar. Yakubu ya ce a wasiƙarsa harshe ƙaramar wuta ce mai cinye babban kurmi. Wanda ya sayi lasifika ya sani ya ƙara wa wutar nan iska, ko ta girki ce ko ta gobara.

Shi ya sa akwai addu'ar da ba na yarda ta bi ta cikin akwatin nan, wato addu'ar la'antar maƙiya, a mutu, a ƙone, a watse. Wani baƙon mai wa'azi ya taɓa ɗauko ta da Turanci, ina tsaye zan juya. Na matsa na ce masa a kunne, “Malam, mutanen da ke bayan katangar nan 'yan'uwanmu ne na jini, za su ɗauka da su ake.” Allah ya sa mai sauraro ne, ya sauya. A ƙauye irin namu, wa da ƙane ɗaya yana zuwa majami'a ɗaya yana zuwa masallaci, rijiya ɗaya, kasuwa ɗaya. An ce mana mu sa wa masu tsananta mana albarka kada mu la'anta, maganarmu kuma ta zama da alheri kullum, gyararriya da gishiri. Yakubu ya yi mamakin bakin da ke yabon Uba ya juya ya zagi mutumin da aka halitta cikin kamannin Allah, ya ce bai kamata ya zama haka ba.

Sauran aibobin ƙanana ne. Duk lokacin da aka kunna ta sai wata muryar mace ta yi shela da Turanci da ƙarfi, ba a kuma iya rage ta, don haka a kunna tun kafin jama'a su shigo. Kada a bar waya a haɗe da ita ta Bluetooth lokacin sujada, kira zai shigo kowa ya ji. Tayoyin na daɓen siminti ne, hanyar ƙauye ta cinye su, yanzu ɗaukarta ake yi. Rimot ɗin bai yi wani aiki ba. Makirufo yana cin ƙananan batura sosai, gara a sayi masu caji tun farko. Babban batirin irin mai dalma ne, ba ya son a shanye shi ƙaf, ba ya son a bar shi kwana da kwanaki babu caji, zafin Maris da Afrilu kuma yana rage masa kwana. Namu ya fara sanyi, amma irinsa yana nan a kasuwa, mai gyaran rediyo zai sauya shi da sukurudireba kawai. Mai kantin ya kyauta: makirufo ɗaya ya zo yana yankewa, muka mayar da rasit a makon farko, ya sauya ba gardama. Ka karɓi rasit, ka sa a rubuta adadin makirufo a jiki.

Wurin sa memori shi ne abin da ban ba muhimmanci ba a kanti, yanzu kuwa ba na son a rasa shi. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932, aikin da likita Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda ya zauna a Zariya, ya yi tare da abokan aikinsa. Amma littafi sai mai karatu, iyayenmu da yawa kuwa da kunne suka karɓi bishara. Gidan rediyon Kirista na ELWA ya fara watsa shiri daga Monrobiya ta ƙasar Laberiya a 1954, ana ɗaukar shirye-shiryen Hausa a Jos. Muryar Bishara ma a Jos ake shirya ta, ana watsawa daga Adis Ababa tun 1963 har gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace tashar a 1977. Mahaifina bai iya karatu ba, amma in ya kama akwatin rediyonsa da dare babu mai tari a tsakar gida, ayoyin da ya haddace kuma duk ta nan suka shiga. Haka ikilisiyar farko ma ta yi. Wasiƙun manzanni karanta su ake yi a gaban taro, Bulus ya ce wa Timoti ya lazimci karanta nassi ga jama'a, Wahayin Yahaya kuma ya buɗe da sa wa mai karantawa albarka tare da masu ji. Bangaskiya ta wurin ji take, in ji Romawa 10:17.

Wani ɗalibinmu ya sauko mana da Sabon Alkawari na Hausa da murya daga manhajar Bible.is, muka sami kuma wanda aka zuba a memori. Ranar Laraba da yamma mukan fito da akwatin gindin darbejiya, a saurari sura ɗaya, a tsayar, a tattauna, a sake saurara. Matan da ba su yi makaranta ba su suka fi kowa riƙewa, sukan tuna maka abin da aka ce a sura ta baya kalma da kalma. Duk da haka ban yarda a maye gurbin karatun ranar Lahadi da na'ura ba, ko da yake masu karatun cikinta sun fi ni daɗin murya. Muryar memori ba ta san wanda ya binne ɗansa ranar Alhamis ba. Ni na sani, in na zo kan ayar da ta shafe shi nakan sassauta, in ɗaga ido. Makiyayi yana kiran tumakinsa da sunansu, su kuma suna binsa don sun san muryarsa, haka Yahaya 10 ta ce, ina ganin akwai rabon wannan a cikin aikin kowane mai karatu a ikilisiyarsa.

Yanzu matasa sun kawo shawarar a sayi lasifikar ƙaho a kafa a kan rufi, a haɗa ta da wannan, don gari duka ya riƙa jin sujada da addu'ar dare. Niyyarsu mai kyau ce, suna son bishara ta fita, suna kuma cewa ai wasu ma suna yi. Tun 2016 da gwamnatin jiharmu ta kai ƙudirin dokar wa'azi gaban majalisa, batun lasifika yana cikin abin da aka fi ja-in-ja a kai, amma ni ba tsoron doka ne ya hana ni goyon baya ba. Bayan katangarmu akwai mai jego, akwai tsoho mai hawan jini, akwai manomin da zai fita gona da asuba. Annabcin Ishaya 42 da Matiyu ya ɗora a kan Yesu ya ce ba zai yi jayayya ko ihu ba, ba kuwa za a ji muryarsa a tituna ba. A ƙauyenmu, waɗanda na san sun zo ga Almasihu, maganar wani da suka yarda da shi ce ta kawo su, a gona ko a bakin gadon asibiti. Za a yanke maganar a taron dattawa bayan kaka. Abin da zan kai gaban taron shi ne a bar ƙahon, a sayi faifan sola don mu daina kai akwatin caji gari a kan babur, da makirufo mai waya guda ɗaya mai kyau na bagadi, in kuɗi ya ragu a sayi ƙananan rediyo masu cin memori a raba wa tsofaffi uku da ƙafa ta hana su fitowa.